Mai Askin da Ya Yanka wa Gwamna Albashi

Shekara talatin da 'yan kai Mai Aski ya yi yana tsaye a bayan kawunan mutane, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa biyansa albashi. Da wannan yake alfahari. In hira ta yi daɗi a shago, sai ya ɗaga almakashi sama ya ce, "Ni ban san ƙarshen wata ba, ƙarshen kai na sani. In na gama, a ba ni haƙƙina mu rabu lafiya."

Shagon yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujerun aski biyu ne, amma ɗaya ce ke juyawa. Ɗayar ta daɗe da daskarewa tana kallon ƙofa. Benci na ɗaukar mutum biyar, shida in akwai siriri. Madubi uku, injin aski huɗu, fanka ɗaya mai ƙara kamar za ta tashi sama. Da kujerar katako da madubin tsohuwar mota ya fara a gindin bishiya, kuma da wannan sana'a ya yi aure, ya ɗaga ɗaki uku, ya sa 'ya'ya biyar a makaranta. Babbar har ta zama malamar firamare, shi ya sa a gida matarsa ke ce masa Baban Malama.

Amma jarinsa na gaske yana jikin bango, a bayan ƙofa. Ƙusoshi ne jere, kowace da makulli. Mai tafiya ya bar makullin gidansa, mai shago ya bar na shagonsa, mace ta bar na ɗakinta don yara in sun taso makaranta. In mutum biyu suka yi musu a layin nan har murya ta fara tashi, sai ɗaya ya ce, "Mu je wajen Mai Aski." In ya ce kaza ne, an gama. Bai taɓa riƙe muƙami ba. Wannan sunan shi ne abin da ya tara.

Yana da aboki ɗaya da ya yi nisa. Benci ɗaya suka zauna a firamare, layi ɗaya suka taso. Yanzu ɗan majalisar jiha ne, kowa na ce masa Onarabul, sai Mai Aski kaɗai ke kiransa da sunan yarinta, Ƙeya, saboda Allah ya hore masa bayan kai. Duk da motoci da masu tsaro, Ƙeya bai yarda kowa ya taɓa kansa ba sai abokinsa. Yakan zo ya cire hula ya zauna, Mai Aski ya ce, "Wannan ƙeya kuɗin kai biyu ce," a yi dariya.

Wata safiya aka kira shi a waya aka ce sunansa ya fito a ƙuri'a. Ya ce, "Allah ya shirye ku," ya kashe, don ya ɗauka 'yan damfara ne. Sai da wani ma'aikaci ya zo har shago da katin aiki a wuya, ya tsaya ya yi bayani a gaban benci. A dokar jihar, 'yan majalisa ba sa yanka wa kansu albashi. Duk shekara huɗu ana kafa kwamiti na mutum goma sha uku. Shida gwamnati ke naɗa su daga masana, bakwai kuwa ana zaro su ne daga rajistar masu zaɓe, kamar yadda ake zaro kati. Su za su zauna su yanka albashin gwamna da mataimakinsa da 'yan majalisa, kuma abin da suka yanka shi zai zauna.

Ma'aikacin bai gama fita ba benci ya ɗauka.

"Kai, Mai Aski! Yau gwamna ya shigo hannu," in ji wani direban bas da ke zuwa duk mako ko da gashi ko babu. "Ka yi masa tal-kwabo!"

"Wane shi," in ji telan da ke ƙarshen benci. "Ruwan gora da naman kaza za su ba shi, ya dawo yana cewa ai mutanen nan suna wahala."

"Faɗa mana tun yanzu, nawa ne kuɗinka, mu haɗa mu riga su saye."

Mai Aski ya kashe inji, ya juyo. "Ku riƙe bakina. 'Yata shekara nawa tana koyarwa, ɗan abin da aka ƙara mata bai kai kuɗin mota ba. Wallahi in aka ƙara musu fiye da yadda aka ƙara wa malaman makaranta, ku daina gaishe ni."

A gida matarsa ba ta yi murna ba. Tana ninke kaya ta ce, "Baban Malama, kai da ba ka taɓa karɓar albashi ba, kai za ka yanka wa wani?"

"Mene ne a ciki? Abin da ke shiga aljihun mutum ƙarshen wata, ba shi ne albashi ba?"

"Ni dai ka riƙa saurare kafin ka yi magana. Bakinka ya fi almakashinka sauri."

Ana saura kaɗan a fara zama, Ƙeya ya zo da tsakar rana, lokacin da benci ba kowa. Ya bar masu tsaro a mota. Mai Aski ya yafa masa ƙyalle, ya ce, "In roƙo ka zo yi, tashi."

Ƙeya ya yi dariya har kafaɗarsa na rawa. "Ni zan roƙe ka? Mutumina, ni ma na gaji da zagin da ake mana. Ka matse mu, wallahi zan fi kowa murna. Shawara ɗaya zan ba ka, don na san gidan nan ciki da bai."

"Ina ji."

"Za su so su gajiyar da ku. Wani zai taso da maganar alawus, wani kuɗin kaza, wani kuɗin kaza, takardu su yi muku yawa, wa'adi ya ƙare ba ku yanke komai ba. In wa'adi ya ƙare kuwa, shawarar masanan nan ce za ta wuce. Haka suka yi wa na baya. Kai dai ka tsaya a kan kalma ɗaya. Albashi. Duk wanda ya kawo wani zance, turo shi aka yi."

Mai Aski ya dubi fuskar abokinsa a madubi. Fuskar da ya sani tun tana da majina. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce a zuci, ashe har yanzu da sauran mutane. Ranar ko kuɗin aski bai karɓa ba.

Ɗakin zaman yana hawa na biyu na wani ofishi mai sanyi kamar cikin firij. Dogon tebur, kujeru goma sha uku, kowace da makirufo da gorar ruwa. Ya ƙirga kawunan da ke wurin kamar yadda ya saba, ya ga huɗu na buƙatar aski. Masana shida sun zauna ɓangare guda da kwamfutocinsu. 'Yan ƙuri'a bakwai suka takure a ɗaya ɓangaren: shi, da wani manomi, da mai sayar da taya, da ɗalibi, da matan aure biyu, da wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda kowa ke ce wa Sista. Shugaban kwamitin, ɗaya daga cikin masanan shida, tsohon babban ma'aikaci ne mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomi su fashe.

Masana suka haska bango da zane-zane. Ga tsadar rayuwa, ga abin da jihohin maƙwabta ke biya, ga haɗarin barin babban mutum cikin buƙata. Suka ce a ƙara rabin albashi a kan albashi. Mai Aski ya danna makirufo, ya yi ƙara, ya sake dannawa.

"Ranka ya daɗe, ni tambaya ɗaya gare ni. Malamin firamare nawa aka ƙara masa?"

Aka duba aka ce kashi biyar cikin ɗari.

"To a ba gwamna kashi biyar. Kasuwa ɗaya suke zuwa."

Manomin ya buga tebur. Daga ranar 'yan ƙuri'a suka mai da shi bakinsu. Ya shiga aikin da ƙarfinsa, yana rufe shago duk ranar zama, yana asarar kai goma sha biyar zuwa ashirin, bai damu ba. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya a wajen shan shayi yana ƙirga hannu: mu bakwai ne, su shida, in ba wanda ya zame mun gama.

A zama na kusa da ƙarshe Sista ta ɗaga hannu. Mace ce marar hayaniya, mai tabarau da igiya.

"Shugaba, ni na yi shekara talatin da biyar ina karɓar takardar biya. Layin farko ne kawai ake kira albashi. A ƙarƙashinsa akwai layuka. Nawa guda uku ne, ban san nasu ba. Ina roƙo a kawo mana takardar biyan ɗan majalisa ɗaya mu gani, mu sa duka a cikin hukuncinmu."

Shugaba ya gyara zama. "Doka ta ce albashi da abin da kwamiti ya ga ya dangance shi. In kuna so ku shiga, kuna da iko. Sai dai lokaci."

Mai Aski ya tuna maganar Ƙeya. Ga shi nan, daidai yadda aka faɗa masa. Ya dubi Sista, ya ga tabarau, ya ga jaka mai kyau, ya ce a ransa, ashe ke ce. Bai jira an ba shi dama ba ya miƙe.

"Sista, da girmanki! Mun kusa kai gaci za ki kawo mana kwana? Wa ya aiko ki?"

"Ɗana, ba wanda ya aiko ni. Ka zauna ka ji."

"Ba zan zauna ba. Albashi aka kira mu mu yanka. Albashi kawai! Alawus ba ruwanmu da shi. Shugaba, a rubuta, a kaɗa ƙuri'a."

Ɗaya daga cikin masanan ya ce cikin ladabi, "Kana nufin kwamiti ya bayyana cewa alawus ba huruminsa ba ne?"

"Haka na ce."

Aka rubuta. Masana shida suka ɗaga hannu tare, abin da ya ɗan ba shi mamaki, amma ya ɗauka kunya ce ta kama su. Nasa ya zama na bakwai. Sauran 'yan ƙuri'a suka bi shi, ban da Sista, wadda ta cire tabarau ta sa a jaka. A zama na ƙarshe kashi biyar ya wuce ba tare da ko musu ba.

Layin ya ɗauki Mai Aski kamar ango. Direba ya yi ta danna ham a ƙofar shago. Tela ya ce, "Na janye maganar kaza." Rediyo ta kira shi talakan da ya taka wa manya burki. Ƙeya ya tashi a majalisa ya ce sun karɓi hukuncin jama'a hannu bibbiyu, ya zo shago da masu hoto ya rungume shi. Malama ta yanko hoton daga jarida ta kai makarantarsu. Ƙusoshin bayan ƙofa suka cika har ya ƙara uku.

Bayan kwana biyu wata mota ta sauke sabuwar kujerar aski a ƙofar shago, baƙa, mai juyawa, da ledarta. Aka ce daga Onarabul, gaisuwar abota. Mai Aski ya ce a mayar, direban motar ya ce shi ba a aike shi da mayarwa ba, ya ja mota. Kujerar ta wuni a bakin titi. Washegari da sassafe ya ɗauki hayar mai kura ya mayar da ita. Mutum hamsin sun ga saukarta, mutum biyu suka ga tafiyarta.

Watanni suka shuɗe, aka zo kasafin kuɗi. Yana tsakiyar gyara wa Direba gemu rediyon shago ta fara karanto sababbin alawus na 'yan majalisa. Kuɗin gida. Kuɗin kayan ɗaki. Kuɗin mota, da kuɗin gyaran motar, da kuɗin man motar. Kuɗin tufafi. Kuɗin jarida. Kuɗin karɓar baƙi. Kuɗin zama, wato a biya mutum don ya zauna a kujerar da aka zaɓe shi ya zauna. Har da kuɗin wahala. Tela yana lanƙwasa yatsu har suka ƙare ya koma farko: layi goma sha huɗu. Mai sharhi ya ce in aka tara, abin da ɗan majalisa zai kai gida ya ninka na da sau uku, albashin kuwa kashi biyar ɗin nan ne cif, ba a taɓa shi ba.

Aka sako kakakin majalisa. Ya ce su masu bin doka ne. Kwamitin jama'a da kansa ya ce alawus ba huruminsa ba ne, don haka hurumin ya dawo wa ƙaramin kwamitin majalisa. Ya faɗi sunan shugaban ƙaramin kwamitin. Ƙeya ne. Sannan ya ce, don kada a ce sun ƙirƙira, ga muryar wakilin talakawa.

Sai Mai Aski ya ji kansa a cikin shagonsa, da ƙarfi, har fanka ba ta rufe shi ba: "Albashi kawai! Alawus ba ruwanmu da shi!"

 Direba ya sa hannu ya cire ƙyallen daga wuyansa, gemu rabi a gyare rabi a tsaye.

"Ashe kujerar nan ta juya," in ji shi.

"Na mayar da ita! Ka tambayi mai kura!"

"Kujera ka mayar. Sauran fa?"

"Wane saura? Kai ma ka san ni!"

"Da na san ka," in ji Direba, ya ajiye kuɗin aski cikakke a kan tebur, abin da bai taɓa yi ba tare da ciniki ba, ya fita.

Mai Aski ya rufe shago ya nufi majalisa. Ya wuce ƙofa uku, a kowace ana tambayarsa ko yana da alƙawari. Ya zauna a ɗakin jira har ƙafarsa ta yi tsami, sannan aka shigar da shi. Ƙeya ya taso da fara'a, hannu a buɗe.

"Mutumina! Ka zo a sa'a, kaina ya cika."

"Ka san abin da ka sa na faɗa."

"Na sa ka? Ni na danna maka makirufo?"

"Ka ce min duk wanda ya kawo maganar alawus turo shi aka yi. Na ci mutuncin tsohuwa a gaban mutane saboda maganarka."

Ƙeya ya koma kujerarsa, ya sassauta murya. "Zauna mana. Ka ce kashi biyar, an yi kashi biyar. Ko sisi ba mu ƙara a albashi ba. Ka fita da sunanka a jarida, mu mun fita da abin da za mu riƙe jama'a. Ka san mutum nawa ke tsayawa a ƙofar gidana kowace safiya? Wa ya yi asara?"

"Cikin mu bakwai, me ya sa ni?"

Ƙeya ya yi ɗan murmushi, irin na yarinta, wanda ya sa abin ya fi ciwo. "To wa za su yarda da shi in ba kai ba? Da manomin nan ne ya faɗa, wa zai saurara?"

Mai Aski ya tsaya yana kallonsa.  Da ya juya zai fita, Ƙeya ya ce, "Ranar Asabar ina nan tafe, ka ajiye min layi." Ya fice abinsa. Asabar ta yi, Ƙeya bai zo ba. An ce yanzu wani yaro ke zuwa gida yana yi masa.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa, don shi ba mai zama ba ne. Ya je ofishin kwamiti, aka ce kwamiti ya watse, sai bayan shekara huɗu, kuma wanda ya taɓa zama ba ya sakewa. Ya kira shirin rediyo na masu saurare, yana cikin gaisuwa katinsa ya ƙare. Ya nemi gidan Sista har ya samu. Ta ba shi ruwa, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma yafiyata ba ta mutanen layinku ba ce." Matarsa kuwa ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai daina kunna rediyo in yana gida.

Makullai suka fara tafiya. Ba wanda ya yi faɗa. Wannan ya ce ya yi wa yara kwafi, wancan ya ce matarsa na gida yanzu. Mai fenti, maƙwabcinsa na shekara ashirin, ya karɓi nasa yana kallon ƙasa. Aka yi musu a layin kan iyakar kwata, aka wuce ta gaban shagonsa aka tafi wajen mai gyaran waya. A makaranta wani ya zana kujera a kan hoton da Malama ta manna, ta cire shi ta kawo gida ba ta faɗa wa kowa ba.

Aski dai bai tsaya ba, don gashi ba ya fushi. Mutane na zuwa, su zauna, a yi musu, su biya, su tafi. Hirar ce ta ƙaura. Yaran layi kuma suka raɗa masa suna. In ya wuce sai ya ji daga bayan katanga, "Alawus! Alawus!" Tun yana juyawa har ya daina. Daga yara sunan ya hau bakin manya, daga manya ya zama kwatance: ka wuce shagon Alawus, ka sha kwana.

Wata rana da hantsi wani baƙo ya leƙo, da jakar tafiya a kafaɗa.

"Salamu alaikum. Nan ne wajen Alawus?"

Mai Aski yana goge inji da buroshi. Ya daɗe yana gogewa.

"Nan ne. Shigo."

Baƙon ya zauna, aka yafa masa ƙyalle. Mai surutu ne. "An ce maigidan nan shi ya sayar da talakawa. Wai gida aka ba shi mai hawa biyu, da mota. Kai yaronsa ne? Yana zuwa shagon kuwa?"

"Yana zuwa."

"Allah ya isa dai. Mutum a ba shi amana ya kai kasuwa. Kai ba ka jin kunyar yi masa aiki, Baba?"

Mai Aski ya kunna inji, ya ɗora yatsu biyu a kan mutumin.

"Sunkuya," in ji shi.